Rukunin A ya cinye ribar ƙanƙara: in sayar da fili in sa sola, ko in haƙura?

Maman Ƙanƙara, Gombe

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara ce ta kawo ni, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya buɗe baki. "Allah ya kawo sauƙi" ina so, amma a haɗo min da lissafi.

Ƙanƙara nake yi a nan Gombe, sai zoɓo da kunun aya a gefe. Friza shida ne a ɗakin da muka fasa wa ƙofa ta waje. Huɗu 'yan Beljiyam ne da na tara ɗaya bayan ɗaya, biyu kuma a kwali na saye su. Yara ke lodawa a kula su tura a baro zuwa wajen masu ruwan leda da lemo a Babbar Kasuwa da Tashar Dukku, masu ɗanyen kifi ma sukan aiko. Kuɗin makarantar yara da rabin cefanen gidan duk daga ɗakin nan suke fita.

To an mayar da layinmu rukunin A, wato rukunin da ya fi kowane tsadar kuɗin wuta. Da, in na sa katin dubu 60 nakan ga ƙarshen wata. Yanzu dubu 180 da ƙyar yake kai ni. Naira dubu goma yunit 44 take saya, in na loda yau da safe, gobe kafin isha'i mitar ta fara kukan nan nata, jar fitila na ƙyaftawa.

Da tsadar ce kaɗai da na daure. An ce rukunin A awa 20 ne a rana. Wani satin ana cikawa, ba zan yi musu ƙazafi ba. Wani satin kuma sai a ɗauke da azahar, daidai lokacin da gari ke tafasa, a dawo da ita bayan magariba, ko a kawo ta ba ƙarfi, kwamfureso ya yi ta gurnani ya kasa tashi sai na bi na zare su. Wanda bai yi sana'ar nan ba ba zai gane ba. Leda ta fara kamawa, gefe ya yi tauri tsakiya da sauran ruwa, sai wuta ta tafi. Kafin ta dawo ta saki. Wutar da ta sha tun dare ta tafi a banza ke nan, sai a sake daga farko. Janareta ina da shi na fetur, friza uku yake ɗauka, amma tun da aka cire tallafi a 2023 ba na tada shi sai in kifin mutane ne a ciki.

Ƙara kuɗin ƙanƙara kuwa na gwada. Masu saye suka koma unguwannin da ke rukunin C, waɗanda ba sa biyan ko sulusin abin da nake biya.

Hammana ya ce in sayar da filin da na gada ta wajen Tumfure in sa sola. Wani ya zo ya duba ya rubuta min miliyan bakwai da 'yan kai, batir kaɗai ya haura rabin kuɗin. Maigida kuma ya ce fili ba ya tsufa, batir kuwa shekara nawa ne. Na rasa ta wa zan ɗauka.

Akwai hanyar da mutum zai fita daga rukunin A in ba a cika masa awanninsa? Sola tana riƙe friza shida tsakani da Allah, ko daɗin bakin masu sayarwa ne? Sannan ku masu bin labarai, kuɗin wutar nan zai sauka, ko in cire rai?

Baffan Lantarki, Bauchi

Wa alaikumus salam. 'Yata, a harkar wuta na ci abinci tun ana ce mata NEPA har na ajiye aiki. Bari in ɗauki tambayarki ta farko da ta ƙarshe, maganar sola na bar wa yara.

Rukunan nan biyar ne, a 2020 aka shigo da su. A awa 20, B awa 16, C 12, D 8, E kuma 4, wato mafi ƙarancin abin da za a ba ka a rana. Ba mutum ake sa wa rukuni ba, layin da ya fito daga tasha ake sa wa, wanda muke kira fida. Ke da mai walda na gefenki da banki da duk wanda ke kan layin nan hukuncinku ɗaya. Saboda haka ke kaɗai ba za ki fita ba.

A ranar 3 ga Afrilun 2024 ne hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta ɗaga yunit ɗin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225. A watan Mayu aka sauke zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. In kika ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kai, yunit ya tashi wajen 225, shi ya sa dubu gomanki ke ba ki 44. Mitarki ba ta cuce ki ba.

A cikin umarnin da ya zo da ƙarin akwai sharaɗi. Layin da aka kasa cika wa awa 20 kwana biyu a jere, sai kamfani ya fito ya bayyana dalili. In ya kai kwana bakwai a jere, a sauke layin daga rukunin A. Amma takarda ba ta bin kanta, sai an bi ta. Ki sayi littafi na makaranta, a ajiye kusa da mita, duk sanda aka ɗauke a rubuta lokaci, sanda aka kawo a rubuta. Ki samu mutum biyu ko uku a layin su ma su yi. Sannan ku rubuta takardar koke zuwa sashen ƙorafi na kamfanin, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Magana da baki a bakin kanta ba koke ba ce. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, ku ɗauki kwafin ku kai ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke sa ido a kan kamfanin wutar, kuma ba a biyan ko sisi.

Sai dai ki ji wannan da kyau. In aka sauke ku zuwa B ko C, kuɗi zai sauka, wutar ma za ta sauka. Duk ranar da abin da aka turo daga layin ƙasa ya gaza, layukan A ake fara bai wa, sauran su jira. Mai kallon talabijin zai iya cewa gara arha. Mai ƙanƙara ba za ta faɗi haka ba. Waɗancan 'yan rukunin C da suka janye miki masu saye, ki tambaye su sau nawa suke fitar da kaya a sati. In ni ne ke, a cika min awa 20 zan nema, ba a sauke ni ba.

Wuta marar ƙarfi kuma ba maganar rukuni ba ce. Ko taransfomarku ta yi wa unguwa kaɗan, ko an jibga gidaje a kan waya ɗaya cikin ukun. Ki sa a auna da yamma, in wayarki ce ta yi nauyi a nemi ma'aikata su mayar da ke kan wata. Kada ki bari yaron unguwa ya hau falwaya.

Saukar kuɗi kuwa, kada ki gina lissafinki a kai. Mafi yawan wutar ƙasar nan da iskar gas ake yin ta a tashoshin Kudu, sauran daga ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Iskar gas ɗin da dala ake ƙiyasta kuɗinta, kuma kin san abin da ya sami naira tun da aka sake ta a Yunin 2023. Rukunan B zuwa E gwamnati ce ke cika musu kuɗin, ga kamfanonin da ke samar da wutar suna bin ta bashin tiriliyoyi. A ganina, ɗaga na ƙasa ya fi kusa da sauke na sama.

Ga kuma inda Allah ya ajiye mu. Babban layi mai kilobolt 330 daga Jos yake zuwa Gombe, daga nan ya rabu zuwa Yola da Damaturu da Maiduguri. A Afrilun 2024 da ɓarayi suka kayar da turaku a kan layin Jos zuwa Gombe kin ga yadda aka yi makonni. A Oktoban shekarar kuma kusan Arewa duka ta shiga duhu, da layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir suka fita. Dadin Kowa megawat 40 ne ƙarfinta, shi ma sai da ruwa a dam. Mai sana'ar sanyi a yankin nan dole ya tanadi wata madogara.

Ɗan Sola

Adda, sa sola ce sana'ata, ki san da wannan kafin ki auna maganata. Duk da haka ni cewa nake kada ki sayar da fili, kuma kada ki sa na miliyan bakwai ɗin.

Mu jera su a kan yunit ɗaya. Wutar layi 225, Baffa ya gama wannan. Ƙaramin janaretan fetur, lita ɗaya yunit ɗaya da rabi take bayarwa, in ya yi ƙoƙari biyu. A ce lita 900 ce, yunit ya tashi 450 zuwa 600. Na dizal yana ba da wajen yunit uku a lita, a ce 1,200, ya zama 400, ba a sa baƙin mai da kanikanci ba. Kin ga duk zafin rukunin A, shi ne mai arha a cikin ukun.

Fanel mai wat 550 a ranar Gombe yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini. Ko da dubu 150 kika saye shi, a shekara biyar ya ba ki yunit wajen dubu huɗu, kowane wajen naira 40, kuma fanel mai kyau yana haura shekara ashirin. Fanel ba shi ne tsadar sola ba. Batir ne. Wanda ya rubuta miki miliyan bakwai so yake ya raba ki da wutar layi gaba ɗaya, friza shida su kwana a kan batir. Me ya yi zafi? Ke fa sanyi kike sayarwa. Ƙanƙarar da ta kama da rana ita ce batirinki, in murfi na rufe har asuba tana nan.

Ga abin da zan yi in ɗakin nawa ne. Fanel shida, inbata mai 5kVA irin wadda ke haɗa rana da wutar layi, da batirin litiyom ƙarami guda ɗaya mai ɗaukar yunit biyar, don in gajimare ya gifta ko kwamfureso zai tashi. Daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma rana ce ke jan frizan, da dare wutar layi. Ɗaukewar azahar ɗin da ke narkar miki da kaya ta daina shafarki ke nan, haka wuta marar ƙarfi, don inbatar ba ta miƙa ta sai ƙarfinta ya kai.

Ba zan ce miki katin zai tsaya ba. Friza shida a awannin rana wajen yunit goma za su sha, wato ragin naira dubu biyu da 'yan kai kullum, dubu 60 da wani abu a wata. Sauran ribar a kayan da ba su narke ba take, da fetur da ba ki saya ba. Kuɗin wannan haɗin bai kamata ya wuce sulusin abin da aka rubuta miki ba. Ki karɓi farashi a wuri biyu ko uku.

Sai kin juya aikinki kuma. Na san masu ƙanƙara da yamma suke ɗura leda su jera. Ki mayar da shi safe, don nauyin daskarewa ya faɗo a kan rana, dare ya zama na riƙewa kawai. Ruwan ma ki duba. Wanda ya yini a baƙin tanki a saman rufi da zafinsa yake shiga, sai friza ta fara cire zafin kafin ta soma aikinta. Wanda ya kwana a randa ya rage mata hanya.

Wani abu ya tsaya min a lissafinki. Dubu 180 yunit 800 ne, wato 26 zuwa 27 a rana, kowace friza fiye da huɗu. Ina zargin 'yan Beljiyam ɗin nan. Kafin ki kashe ko kwabo, ki yi gwaji: a kashe komai na gidan, a bar friza ɗaya, ki karanta mita, bayan awa uku ki sake karantawa. Haka za ki bi su. Robar murfi kuma ki saƙala takarda ki rufe, in kin ja ta zare ba gardama, sanyi na zuba ta nan. Ki janye su daga bango, ki buɗe wa ɗakin taga ta sama. Friza shida a ɗaki mai ƙofa ɗaya zafin junansu suke sha. Sannan kada su riƙa tashi tare, domin kwamfureso in zai tashi yana jan ninki biyar ko fiye na abin da yake ci, akwai ƙaramar na'urar jinkiri da ake sa wa kowace.

Mai Injin Casa

Baffa ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya, littafin nan ni ma yau zan saya. Ɗan Sola lissafinka ya yi kyau a takarda.

Hajiya, ni shinkafa nake casa, motar injina ɗaya ta fi frizanki duka cin wuta, sola ba ta gabana. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa miki: kasuwar ƙanƙarar kanta fa? A layinmu duk gidan da aka sa sola, uwargida ta fara sayar da ƙanƙara ta taga. Ita ba haya, ba yaran baro, wutar kuma maigida ya riga ya biya. Da su za ki yi gasa nan gaba, ba da 'yan rukunin C ba.

Ga azumi. Shekarun nan da ya faɗo a Afrilu da Maris kuka kwashi kuɗi, leda ɗaya har layi ake bi. Kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Na 2025 a farkon Maris ya kama, na 2026 a Fabrairu, daga nan sai cikin hunturu, kuma zai daɗe a can. Wa zai nemi ƙanƙara da buɗa-baki yana rawar ɗari? Zafin Maris zuwa Mayu yana nan, amma wannan wata guda mai maiƙo ya tafi sai bayan shekaru. In za ki lissafa yadda kuɗi zai dawo, kada ki lissafa da cinikin azumin baya.

Kayan kuma a kasuwa akwai gurbi. Fanel an manna masa takardar wat 550 alhali bai kai ba, batir an sake masa riga. Iskar farkon damina na gani da idona ta ɗaga fanel da kwanon da aka ɗaure shi a kai ta ajiye a gidan maƙwabta. Ƙurar hunturu kuma in ba mai hawa ya goge, ƙarfin raguwa yake. Fili dai a bar shi inda yake. In adashi zai iya, a yi da adashi.

Malamar Muhalli

Adda sannu da ƙoƙari. Ina aiki da wata ƙungiya a kan dashen itatuwa, bari in ƙara ta ɓangaren da na sani, domin manufofin sauyin yanayi da ake ji a rediyo suna taɓa ɗakin nan naki.

A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar, a 2022 aka fitar da tsarin sauya makamashi. Kuɗin da ya biyo baya mai girma shi ne shirin DARES, dala miliyan 750 daga Bankin Duniya, aka amince da shi a Disambar 2023, hukumar samar da wuta a karkara, wato REA, ke gudanar da shi. Ba a hannun mutum ake danƙa kuɗin ba. Kamfanonin da ke kafa sola ake biya bayan sun haɗa wa jama'a da masu ƙananan sana'a, shi ya sa wasu ke iya bayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan. Ki tambayi masu sayarwa ko suna cikin shirin. Duk wanda kuma ya turo miki fom a WhatsApp ya ce ki biya kuɗin rajista za a ba ki sola kyauta, ɗan damfara ne.

Ta fuskar haraji ma alƙiblar a fili take. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta tanadi ƙarin kashi 5 a kan fetur da dizal, sai ministan kuɗi ya ba da umarni zai fara aiki, kuma gas ɗin girki da gas ɗin mota na CNG da kananzir ba sa ciki. Ko ba jima ko ba daɗe, mai dogaro da janareta ne zai ji a jikinsa.

Frizanki ma suna ciki. Ki leƙa bayan kowace, akwai takarda a jikin kwamfureso. Tsofaffi za ki ga R134a, wasu ma R12, sababbi galibi R600a. Na farkon biyun su ne ƙasashe suka amince a janye ko a rage, R12 tun yarjejeniyar Montiriyal, R134a a ƙarƙashin gyaran da aka yi a Kigali a 2016, saboda haka gas ɗinsu tsada zai riƙa yi. Mai R600a ta fi ƙarancin cin wuta, sai dai gas ɗin yana kamawa da wuta, a kai wa mai gyaran da ya san shi.

Mai Injin Casa

Malama, ba musu nake ba, amma 2060 wa ya san mai rai. Ashaka gawayin Maiganga take ƙonawa ta yi siminti. A Nuwambar 2022 shugaban da ya yi alkawarin ne da kansa ya zo Kolmani ya ƙaddamar da haƙar mai. Gwamnatin jiha na dasa itatuwa da shirin 3G, wato Gombe Goes Green, masu burodi kuma tun da gas da dizal suka gagare su tirela-tirela suke sauke itace. Talaka abin da ya fi arha yake bi. In sola ta ci kasuwa, arharta ce ta ci, ba taro ba.

Malamar Muhalli

Alhaji, a kan arhar mun haɗu. Abin da nake cewa kawai, masu rubuta haraji da masu ba da rance sun riga sun zaɓi ɓangaren da za su sa ya yi arha, gara Adda ta sani kafin ta sayi wani janaretan.

Maman Ƙanƙara, Gombe

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baffa lafiya. Baffa, littafi yana nan rataye da zare a jikin mita, babban ɗana ne mai rubutawa. Mai kemis da tela na layinmu sun ce za su sa hannu. Maganar sauka zuwa C kuwa na janye ta, na tambayi wata ƙawata da ke can, ta ce wani lokacin sai ledarta ta kwana uku ba ta kama ba.

Ɗan Sola, na yi gwajin mitar. Babbar 'yar Beljiyam ɗin nan mai murfi biyu, wadda na fi ji da ita don tana ɗaukar kaya, ita kaɗai ta kusa cin abin da sababbin biyu ke ci. Takarda kuwa ko riƙe ta murfin bai yi ba. R134a ne a bayan uku, ta huɗun takardar ta goge. Ɗurin safe na fara, yaran dai suna ta ƙunƙuni don ya haɗu da shirin makaranta.

Alhaji mai casa, maganar azumi ta tsaya min a rai, ban taɓa kawo ta a lissafi ba. Masu kifi da masu kaji su ba ruwansu da hunturu, ina ganin ta nan zan ƙara ƙarfi, in ware friza biyu na ajiya a riƙa biyana a kan kwali.

Mun zauna da Hamma da Maigida. Fili yana nan. Kwasar adashina na zuwa bayan Babbar Sallah, Hamma zai ranta min ciko. Abin da ya rage, in fara da sauya babbar frizar, ko in haɗa kuɗin duka a fanel da inbata? Sannan rufin ɗakin tsohon kwano ne a kan azara, maganar iskar nan ta tsorata ni.

Ɗan Sola

Adda, fara da robar murfi, kuɗinta kaɗan ne, ki sake gwajin. In har yanzu tana ci haka, ki sayar da ita ki sayi sabuwa kafin fanel, domin wutar da take ɓarnatarwa dare da rana ce, fanel kuwa rana kaɗai yake rufe miki. Kuma in ta fita, fanel biyar ma za su iya isarki.

Kwano a kan azara kada a ɗora masa komai. A haƙa rami huɗu a tsakar gida, a kafa ƙarfe da kankare, a yi rumfa ta ɗan karkata tana kallon kudu, tsayin da yaro zai kai da tsumma a kan sanda. Ki ce a sa mata waya ta ƙasa saboda tsawa, a kuma rubuta miki lambar kowane fanel da ta batir a jikin rasit. Ranar da za a kawo kayan, a auna fanel ɗaya-ɗaya da tsakar rana a gabanki kafin ki biya sauran kuɗin.